Kawu Holan da Kulob Ɗin da Ya Yar da Shi

Ranar Talata da hantsi Kawu ya cika a wani asibiti da ke unguwar Tianhe a birnin Guangzhou, bayan ya yi kwana huɗu bai san wanda yake kansa ba. Kafin azahar labarin ya zaga benen kasuwarmu na Tianxiu tun daga ƙasa har hawan da shagonsa yake. Ni na tsaya a bakin shagon ina karɓar gaisuwa, don yayan mahaifiyata ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ba shi da wani jini a ƙasar Sin sai ni. Matarsa da 'ya'yansa suna Kano, rabonsa da su an daɗe.

Mutane sun zo, ba laifi. Sai dai na lura kowa gaggawar addu'ar yake, ya shafa ya duba wayarsa. Wani dattijo ɗan Maraɗi, wanda shagonsa yake kallon na Kawu, ya riƙe hannuna ya daɗe, sannan ya ce Allah ya jiƙansa, Allah ya yafe masa, don akwai abin yafewa da yawa. Wani ɗan Kumasi mai aika kaya ta jirgin sama ya ce tun da suke tare bai taɓa gaida Kawu ya amsa ba tare da ya haɗa masa da gyara ba. 'Yan Kano, waɗanda suka fi kowa shan bakinsa, suka kama yabon da ake yi wa kowane mamaci: mai gaskiya ne, mai riƙon amana ne. Ba ƙarya suka yi ba. Amma da na je bakin lif na ji biyu daga cikinsu suna dariya ƙasa-ƙasa, suna cewa yanzu dai ranar Lahadi za a yi ƙwallo lafiya.

Mutum ɗaya ce ta yi kuka, wata tsohuwar 'yar Sin mai sayar da kwali da salatif a ƙarshen layinmu. Kullum sai sun yi faɗa da Kawu a kan ƙarfin kwalinta, shi yana zagi da Hausa ita tana ramawa da harshensu. Ta leƙo shagon, ta ga kujerarsa wayam, ta dube ni ta ce, "Lawban meyo?" Wato maigida babu? Na gyaɗa kai. Ta zauna a kan dilar atamfa ta rufe fuska da hannu biyu. Ni da nake ɗan ƙanwarsa ina tsaye ina kallonta, idona a bushe.

Yau sati uku ke nan, har an cire allon shagon. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan. Ba na so a manta da shi, kuma ba na so a wanke shi.

Holan ake ce masa, baƙi kuma suna zaton don atamfar da yake turawa Kantin Kwari ne. Asalin sunan ƙwallo ne. Yana saurayi ya buga wa ƙungiyar wata masaƙa a Kano, wani injiniya ɗan Holan da ya zo gyaran injuna ya gan shi, ya yi masa hanya zuwa kulob ɗin garinsu. Ƙaramin kulob ne a rukuni na biyu, a wani gari da sunansa ba ya faɗuwa a bakin Bahaushe. Hoton 'yan wasan na wancan lokacin yana rataye a shagon, saman dilolin atamfa, ya koɗe har rigunan sun zama kalar shayi. Duk wanda ya yi kuskuren ɗaga kai ya kalle shi ya shiga uku, domin sai Kawu ya biya masa tarihin kulob ɗin kamar hadda.

Ma'aikatan wata masaƙa ne suka kafa shi, in ji shi, a filin da ke bayan wurin rini. Da masaƙar ta rufe, sai suka haɗe da kulob ɗin 'yan coci na ɗaya gefen garin, mutanen da kakanninsu ba sa ko gaisawa. Sau ɗaya tak suka taɓa hawa rukuni na farko, suka sha kashi shekara guda suka sauko. Rumfar 'yan kallonsu ta katako ce, in an ci ƙwallo har rawa take yi. Daga nan sai ya ɗauki sandar awon yadi ya fara nuna mutane. Dogon nan na baya shi ne gola, ɗan mahauci ne, tafin hannunsa kamar faranti. Wannan kyaftin ne, da safe yana raba wasiƙu a kan keke, da yamma ya zo tirenin. Waɗannan biyun wa da ƙani ne, 'yan baya, ba sa magana da juna sai a fili. Ga ɗan Suriname ɗin da ya nuna masa inda ake samun naman yanka. Ga shi nan shi kansa a tsugune a gaba, siriri, da suma, yana murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa da idona ba. A gefensa akwai wani da Kawu ya manne fuskarsa da baƙin salatif. In an tambaya sai ya ce wannan ba shi da suna.

Shi ne ya karya masa gwiwa, a tirenin, a kakarsa ta biyu, ranar da fili ya daskare. Kawu ya rantse da gangan ne, don lamba ɗaya suke nema. Kulob ya yi masa magani, kwantiraginsa ya ƙare, ba su sabunta ba. A wasan ƙarshe na shekarar aka kira shi tsakiyar fili yana dogara sanda, aka miƙa masa damin furanni, mutane suka yi tafi.

"Furanni," haka yake cewa duk sanda ya zo wurin. "Namiji da gurguwar ƙafa, a ƙasar da ba shi da kowa, suka ba ni ciyawa."

Da wannan za ka ɗauka ya rabu da su ke nan. Ina. Galibi ranar Juma'a suke wasa a can, shi kuma sai Asabar da safe yake kallon maimaici a waya, ya jingina ta da fulas ɗin shayi, ya ja ƙofar shago rabi. Duk hawan an san dokar: ba a faɗa masa sakamako. Wani ɗan kasuwa da ya zo daga Kano sayayya ya taɓa shigowa da fara'arsa ya ce ya ga an lallasa mutanen Alhaji jiya. Kawu ya tashi, ya fito masa da kayansa da ya kawo a haɗa masa, ya jibge a bakin ƙofa, kuma har ya mutu bai sake taɓa kayan mutumin ba. An kai masa liman, an kai masa dattijai, ya ƙi.

'Yan wasan yanzu duk ya san su, ya raɗa musu sunaye. Akwai Ƙafar Katako, akwai Mai Barci, akwai gola da yake kira Rariya, akwai wani yaro ɗan asalin Maroko da yake ce wa Ɗan Gwal, wanda kullum yake tsine wa kulob ɗin don ya san za su sayar da shi. Daga ɗaya ƙarshen layi kana jin muryarsa yana zagin mutanen da ba su san da zamansa a duniya ba. Ya ce tun da aka kafa kulob ɗin nan ba su taɓa iya tare bugun kwana ba, gado ne. Na taɓa tambayarsa me ya sa yake wahalar da kansa da mutanen da ya tsana. Ya ce yana kallo ne ya ga ranar da za su rushe. Amma shekarar da aka ce kulob ɗin yana gab da rushewa da gaske, kwana biyu bai buɗe shago ba.

Ranar Lahadi kuwa mu yake sauke wa. 'Yan kasuwar Afirka muna haɗuwa a wani filin roba a Tianhe, shi ne alƙalin wasa, ba don an zaɓe shi ba, sai don ya zo da usur ɗinsa. Yana ɗingishi a tsakiyar fili yana gaya wa mutane masu iyali cewa ba su iya tsayar da ƙwallo ba. Ya taɓa bai wa limaminmu jan kati saboda ya ce masa a ji tsoron Allah a kan wata satar gida. Liman ya fita yana murmushi, Kawu ya bi shi da cewa a masallaci shi ne gaba, a nan kuwa sai ya bi. Ni kaɗai ne bai taɓa gyara wa wasa ba. In na ci ƙwallo sai ya juya baya ya busa usur. Na daɗe ina zaton kunyar ɗa ce.

To ga tawa.

Da labarin kulob ɗin nan na tashi. Duk zuwan Kawu Kano ina gindinsa ina jin tarihin ɗan mahauci da mai raba wasiƙu. Ina da shekara goma sha tara ina buga lamba goma a unguwarmu, kuma ba yabon kai ba, ana zuwa daga wasu unguwanni don kallona. Sai na sa aka ɗauki wasannina a faifai, na rubuta wasiƙa da Turancin da nake da shi, na ce ni ɗan ƙanwar wane ne da ya taɓa buga muku, na aika. Ban gaya wa Kawu ba, so nake in ba shi mamaki. Bayan wata biyu amsa ta zo. Dogon golan nan ne ya sa hannu, ashe shi ke kula da matasan kulob ɗin a lokacin. Ya ce in zo gwaji na sati shida.

Umma ta karɓi takardar ta juya ta, ta ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Na yi fasfo. Na fara gudu da asuba daga gidanmu har bakin titin Zariya in dawo. Abokaina suka fara kirana Ɗan Holan. Ana cikin haka wasiƙa ta biyu ta zo, layi uku: sun yi nadama, sun janye gayyatar, suna min fatan alheri. Ba dalili. Na rubuta sau uku, shiru. Na yi wata guda ba na fita ƙofar gida don kunya. A ƙarshen shekarar Kawu ya aiko min da takardun zuwa Guangzhou, ya ce ai ya sha gaya min Turawan nan ba su da alkawari, in zo in koyi sana'a. Na zo ina gode masa. Shekara tara ina ɗaga masa diloli, ina bin kaya zuwa sitonsa na Baiyun, ina ce masa na gode.

Sai wata shekara, lokacin babban baje kolin kayan masarufi, dogon golan ya zo Guangzhou. Ya bar ƙwallo, yana sayen kayan keke. Ya nemo Kawu, suka rungume juna a tsakiyar shago, ya ga hoton ya yi ta dariya har ya ga salatif ɗin ya kau da kai. Kawu ya kai shi cin abincin rana a wani gidan abincin Musulmi a Xiaobei, ya ce in zo in riƙa yi musu magana da masu kawo abinci. Ina ganin ya manta ne, ko kuwa ya ɗauka Baturen ya manta. Muna cikin ci mutumin ya tambayi sunana, na faɗa. Ya ajiye cokali. Ya ce ni ne yaron faifan nan? Ya ce har yau yana tuna wata ƙwallo da na ɗaga ta kan gola. Sannan ya dafa ƙirjinsa ya tambaye ni da tausayi yaya zuciyar tawa, an samu an yi aikin?

Na ce wace zuciya. Ya dubi Kawu. Kawu ya ci gaba da yagar gurasarsa. Baturen ya yi bayani a hankali, yana duban faranti: da ya ga wasiƙata ya buga wa tsohon abokinsa waya don murna, shi kuma ya ce masa yaron yana da ciwon zuciya tun haihuwa, iyali suna ɓoyewa, in ya faɗi a filinsu su suka sani.

Muka yi sallama da baƙon. Sai da muka koma shago na ja ƙofa na tambayi Kawu ko gaskiya ne.

"Gaskiya ne," ya ce. Ko kallona bai yi ba, yana gyara sandar awo. "Da ka je da sun tsotse ka sun yar. Na fi ka saninsu."

"Ƙafata ce, Kawu. Da ka bari ta karye a hannuna."

"Ga ka nan da ƙafa biyu da sana'a. Me ka rasa?"

Na ce na rasa sanin ko zan iya. Ya ce wannan ba abin da ake ci ba ne. Na ce masa baƙin ciki ne kawai, ba ya so a ce wani a gidanmu ya yi abin da shi ya kasa. Nan ne ya ɗago. Na ɗauka zai mare ni. Sai ya ce in ajiye masa makullinsa in fita. Na ajiye. Bai taɓa cewa in yi haƙuri ba, ko a ranar ko bayanta, kuma duk wanda ya je masa da maganar sai ya ce da za a sake da haka zai sake yi.

Na buɗe nawa ɗan ofishin a wani hawan. Shekaru muna haɗuwa a lif, ni in dubi ƙasa shi ya dubi sama. Na daina zuwa ƙwallon Lahadi. Da na yi aure na kawo matata bai zo ba, da aka yi mana haihuwa bai aiko ba.

Dole in faɗi wannan ma, don ya faru. Lokacin annoba, sanda masu gidajen haya suka riƙa fitar da baƙaƙen fata, mu ma an fitar da mu. Da rana tsaka, ana yayyafi, ga ni ga matata ga jaririya 'yar wata biyar a ƙarƙashin gadar sama da akwatuna uku. Duk otal ɗin da na je sai a ce meyo. Ban kira shi ba, kuma ban san wanda ya gaya masa ba. Sai ga motarsa ta ɗaukar kaya ta tsaya. Ya fito yana ɗingishi, ya wuce ni kamar turken fitila, ya karɓi jaririyar daga hannun matata ya ce mata, "Shiga mota, 'yata. Ki ce wa wancan ya loda kayan."

Sitonsa na wajen Baiyun ya kai mu. Mun tarar da mutum goma sha wani abu a ciki, 'yan Nijar, 'yan Gana, har da ɗaya daga cikin waɗanda na ji suna dariya a bakin lif. Ya kewaye wa matata lungu guda da dilolin atamfa. Sati biyar yana dafa mana shinkafa da kansa yana zagin kowa a kan ɓarnar ruwa. 'Yata takan yi barci a ƙirjinsa. A sati biyar ɗin nan kalma ɗaya bai ce min ba, ni ma ban ce masa ba. Ranar da za mu tafi matata ta durƙusa tana godiya tana hararata in yi magana. Na buɗe baki, sai na tuna shekara tara da na yi ina ce masa na gode, na rufe.

Da ya faɗi a shago aka kai shi asibiti, ni aka kira, ni na sa hannu a takardu. Na zauna a gefensa kwana huɗun nan. Ina jiran ya buɗe ido ya ce wani abu, ko da zagi ne. Bai buɗe ba. Ni na shiga wankansa tare da liman. A nan na fara ganin gwiwar da kyau, tabon ɗinki tun daga cinya har ƙwauri, ƙashin ya karkace waje guda. Da wannan ƙafar ya yi shekara talatin da wani abu yana hawa benaye. Muka binne shi a maƙabartar Musulmi ta bayan gari, don ya sha cewa duk inda ya faɗi a nan za a rufe shi.

Na aika wa dogon golan saƙo. Ya amsa da cewa ya yi baƙin ciki ƙwarai, kuma a kulob ɗin yanzu babu wanda ya san Kawu, amma zai gaya wa mutum uku da suka rage daga cikin na hoton.

Bayan sadakar bakwai na kira Umma. La'asar ce a nan, can safiya. Na gaya mata yadda aka yi komai, ta yi ta sa min albarka. Sannan ta ce ta ji an ce har ya rasu ba ma magana. Na ce haka ne, kuma ta san dalili.

"Ni na sa shi," ta ce. "Ranar da ka nuna min takardar nan na kira shi ina kuka. Na ce na ga yadda suka dawo min da yayana, ba zan ba su ɗana ba. Na ce ya san yadda zai yi ya hana."

Na tambaye ta ko ita ta ce ya ƙaga min ciwo. Ta ce a'a, wannan nasa ne, ita ma sai daga baya ta ji. Na ce to me ya hana shi faɗa min ranar da na tsare shi, har na kira shi mai baƙin ciki. Ta ce ta roƙe shi ya faɗa, ta ce za ta faɗa da kanta, ya hana ta. Ya ce mata in yaro zai ƙi wani, gara ya ƙi wanda ya saba da a ƙi shi.

"Ka yafe min," in ji Umma.

Na ce ba ta yi min komai ba. Haka ake cewa, kuma haka na ce. Muka yi sallama, na zauna a ofis da waya a hannu har aka kira magariba.

Na yi ta juya abin tun daga ranar. Uwata ba zan iya riƙe ta a zuciya ba, tsoro ne ya sa ta, kuma tana da rai, ina so in ci gaba da jin muryarta. Shi kuwa yana iya ce mata a'a. Yana iya kirana ya zage ni ido da ido kamar yadda yake yi wa kowa, ya bar ni in zaɓa. Bai yi ba. Ya yi min ƙarya, ya zaunar da ni ina gode masa, sannan ya ɗauki laifin mutum biyu ya tafi da shi kabari ba tare da ya tambaye ni ko na yarda ba. Ko a wannan ma shi ya yanke min hukunci.

Don haka fushin yana nan, kuma a kansa na bar shi, tunda shi ya nema. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya miƙe masa ƙafar nan a inda ya je. Da zuciya ɗaya nake roƙa masa wannan. Sauran maganar da ke tsakaninmu kuwa, sai na je.